Daren da Khabib bai kai ga sikeli ba: nazarin rage nauyi kafin UFC 209

Da safiyar Juma'a, 3 ga Maris 2017, Tony Ferguson ya tuɓe riga ya hau sikeli a birnin Las Vegas. Aka karanta nauyinsa: laba 154.5, wato kilo 70 da ɗan ɗoriya. Ya cika sharaɗi. Saura abokin karawarsa, Khabib Nurmagomedov, ya fito shi ma a auna shi, washegari Asabar su shiga keji a taron UFC 209 su yi ta ta ƙare a kan kambun riƙon ƙwarya na ajin masu nauyin laba 155.

Khabib bai fito ba. Can sai kamfanin UFC, mai shirya wasannin MMA (faɗan da ke haɗa dambe da kokawa a cikin keji), ya fitar da sanarwa cewa a daren jiya an garzaya da shi asibitin Sunrise saboda matsalar da ta taso wajen rage nauyi, an duba shi an sallame shi, kuma bisa shawarar likita an soke wasan. Mutumin da ya yi wasa 24 ba wanda ya taɓa cinye shi, ga shi kwance ba tare da kowa ya kai masa ko naushi ɗaya ba.

Abin da aka fi tunawa da shi daga wannan mako shi ne wani kayan zaƙi na Italiya da ake kira tiramisu, kuma zan zo kansa. Amma a ganina dariyar tiramisu ta rufe tambayar da ta fi muhimmanci: a wancan dare, a ɗakin otal ɗin da ake matse ruwa daga jikin mutum, aikin wane ne ya ce a tsaya?

Abin da ke kan faifai

Khabib ɗan Dagestan ne, a kudancin Rasha, an haife shi a 1988 a ƙauyen Sildi. Mahaifinsa Abdulmanap ne ya koya masa kokawa da sambo, wani salon faɗa na Rasha, tun yana ƙarami, daga baya ya riƙa zuwa San Jose ta Kalifoniya yana atisaye a hannun koci Javier Mendez. A Nuwamban 2016, a UFC 205 a New York, ya murɗe hannun Michael Johnson a turmi na uku har ya miƙa wuya. A daren nan ne kuma Conor McGregor ya doke Eddie Alvarez ya ɗauke kambun ajin 155, sannan ya tafi da shi ya ajiye, hankalinsa ya koma kan damben da zai yi da Floyd Mayweather. Aji ya tsaya cak. Mafita ita ce a haɗa mutum biyun da suka fi kowa cancanta, Khabib da Ferguson mai nasara tara a jere, a ba wanda ya ci kambun riƙon ƙwarya.

Wannan ne karo na uku da aka sa musu rana. A Disambar 2015 Khabib ya ji ciwo a haƙarƙari, aka fasa. A Afrilun 2016 Ferguson ya samu matsalar huhu, aka fasa. Don haka a Maris 2017 kowa ya matsu, kuma shi kansa Khabib ya san in wannan ma ta suɓuce, bakin mutane ba zai yi masa daɗi ba. Ga shi mahaifinsa, wanda ya fi kowa sanin jikinsa da halinsa, bai samu bizar Amurka ba. Kuma ba yau sikeli ya fara ba shi wuya ba: a Mayun 2013, kafin wasansa da Abel Trujillo a UFC 160, an auna shi laba 158.5, ya zarce iyaka. Washegari ya kayar da Trujillo ƙasa sau 21, abin da ba a taɓa yi ba a wasa ɗaya a UFC, shi ya sa aka manta da batun awon. Nasara takan rufe irin wannan.

Me ya kawo 155 tun farko

Lokacin da aka fara UFC a Denver, 12 ga Nuwamba 1993, babu ajin nauyi sam. Wasan da aka buɗe da shi, ɗan Holan Gerard Gordeau ne da wani ɗan kokawar sumo, Teila Tuli, wanda ya kusa ninka shi nauyi. Royce Gracie, wanda ya lashe gasar, yana cikin mafi ƙarancin jiki a wurin, kuma dama abin da ake son a tallata ke nan: dabara ta fi ƙarfi. Hakan ya yi aiki ne a lokacin da mutum ɗaya ya san dabarar, sauran ba su sani ba. Da kowa ya koye ta, sai girma ya dawo da martabarsa. A 1997, a UFC 12, aka fara raba 'yan wasa gida biyu, masu laba 200 zuwa sama da waɗanda ba su kai ba. A farkon shekarun 2000 jihar New Jersey ta amince da dokokin bai-ɗaya da suka zama gishiƙin wasan, har aka kai ga tsarin da ake bi yau a ɓangaren maza na UFC: 125, 135, 145, 155, 170, 185, 205, sai masu nauyi da iyakarsu 265. Duk da laba ake lissafin, ma'aunin Amurkawa. Kilo ɗaya laba biyu ne da ɗan ƙari. A wasan da ba na kambu ba ana yafe laba ɗaya. A wasan kambu ba a yafe ko ƙwayar gero.

Duba tazarar da ke tsakanin lambobin nan. Daga ƙasa goma-goma ake hawa, amma daga 155 sai 170, laba 15, kusan kilo 7. Mutum mai jiki irin na Khabib, mai tsawon santimita 178 da faɗin kafaɗar ɗan kokawa, tsakanin nan ya faɗo. In ya hau 170, zai tarar da mutanen da su ma daga sama suka matso suka sauko, irin su Kamaru Usman. In ya zauna a 155, sai ya biya da jikinsa duk lokacin da aka sa masa rana. Wanda ke shakkar ko 'yan kilo suna da tasiri, ya tuna Israel Adesanya a Maris 2021: ya hau ajin 205 ba tare da ya ƙara jiki ba, aka auna shi 200.5, Jan Blachowicz ya kwantar da shi ƙasa a turmi na huɗu da na biyar ya danne, ya ci wasan da maki. Wannan ne faɗuwarsa ta farko a MMA.

To amma ajin nauyi kaɗai ba shi ne matsalar ba. Matsalar tana cikin ratar da ke tsakanin awo da wasa. Ana awo Juma'a, ana wasa Asabar da dare. An tsara haka ne don kare 'yan wasa, kada mutum ya shiga keji a bushe a buge shi a ka. Sai dai da zarar ka ce wa ɗan wasa yana da yini guda da ɗoriya ya mayar da abin da ya zubar, ka gaya masa ke nan ba sai ya zama mai laba 155 ba. Abin da ake bukata ya taɓa 155 na 'yan daƙiƙoƙi a gaban jami'i. A damben gargajiya namu babu sikeli, ido ne ke awo, kuma idon yana auna mutumin da ke tsaye a fage a lokacin da za a gwabza. Sikelin MMA mutumin jiya yake aunawa. Wanda ke shiga keji wani ne daban, ya ci ya sha ya cika.

Yadda ake zubar da ruwan

Aikin hawa biyu ne. Na farko shi ne makonnin atisaye, shida zuwa takwas ko fiye, inda ake rage abinci a hankali a ƙona kitse. Wannan ba shi da wani aibu in an bi shi da hankali. Na biyu shi ne makon wasa, kuma a nan ba kitse ake taɓawa ba, ruwa ne. Ana fara ɗura wa ɗan wasa ruwa lita-lita na 'yan kwanaki har jiki ya saba da yawan fitsari, sannan a yanke ruwan kwatsam, jiki kuwa ya ci gaba da fitarwa kafin ya farga. Ana cire gishiri daga abinci, don gishiri ke riƙe ruwa. Ana cire shinkafa da burodi da taliya, saboda sukarin da jiki ke tarawa a tsoka da hanta, kowane giram ɗinsa yana riƙe da ruwa kamar giram uku. In ya ƙare, ruwan ya bi shi. Ana rage ganye da duk abin da ke daɗewa a hanji, don ciki ya zama fayau.

Daren ƙarshe kuma na zufa ne. Baho cike da ruwan zafi, ko ɗakin zafi da ake kira sauna, ko rigar roba a kan keken motsa jiki. In mutum ya fito daga bahon sai a kwantar da shi a naɗe shi da tawul da barguna kamar gawa, ya ci gaba da tsatsafo da gumi. A goge, a auna, a sake mayar da shi. Wasu har tofar da yawu suke yi a kofi, wasu su aske gashi. Duk wanda ya taɓa azumi a zafin Afrilu ya san yadda maƙogwaro ke zama bayan la'asar, yadda magana ma ke zama aiki. To a ƙaddara a ce a wannan halin, maimakon a jira kiran magariba, sai a ce ka shiga ruwan zafi ka zauna minti ashirin, ka fito, ka koma.

Abin da ke faruwa a ciki ba ɓoyayye ba ne. Jini yana kauri yana raguwa, zuciya na ƙara gudu don ta cike giɓin, jinin da ke isa ƙoda yana ja baya, gishirin jiki da ke daidaita bugun zuciya yana hargitsewa. Gumi shi ne hanyar da jiki ke sanyaya kansa, in ya ƙafe zafi sai ya taru. A 2019 masu bincike a Jami'ar Liverpool John Moores ta Ingila sun wallafa bayanin wani ɗan MMA da suka bibiya na mako takwas yana sauka daga kilo 80.2 zuwa 65.7, kashi 18 cikin ɗari na jikinsa. Gwajin jininsa a ƙarshen aikin ya nuna alamun ƙodarsa ta ji rauni. Kuma wannan mutum ne da ya yi nasarar cika awo, ba wanda aka kwasa zuwa asibiti ba.

Abubuwa biyu sun sauya gab da lamarin Khabib, kuma dukansu sun shafi daren nan. Daga 1 ga Oktoba 2015, ƙarƙashin hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta Amurka, USADA, an hana 'yan UFC ƙarin ruwa ta jijiya bayan awo, sai dai in a asibiti ne bisa larura. Kafin nan, da yawansu daga sikeli sai ledar ruwa a ɗakin otal. Na biyu, daga UFC 199 a Yunin 2016 aka mayar da awo na haƙiƙa da safe maimakon yamma, don a ƙara wa 'yan wasa awannin farfaɗowa. Niyyar mai kyau ce. Amma sakamakonta shi ne matsar ƙarshe, wadda ita ce mafi haɗari, ta koma tsakar dare da asuba, lokacin da mutum bai yi barci ba, kuma babu kowa a kusa sai mutanensa.

Daren Alhamis

Abin da ya fito daga ɓangaren Khabib shi ne, ana tsakiyar matsar ƙarshe ciwo mai tsanani ya turnuƙe shi a ciki, wajen hanta. Manajansa, Ali Abdelaziz, da sauran mutanensa suka ɗauke shi zuwa asibiti. Shugaban UFC, Dana White, ya fito ya nuna ɓacin ransa a fili. Ƙorafinsa shi ne tawagar ta yi gaban kanta, ta kai shi asibiti ba tare da ta kira likitocin UFC ba, kuma da an kira su, wataƙila da an ceto wasan. Abdelaziz ya amsa cewa ruɗewa ya yi da ya ga halin da Khabib ke ciki, kuma da ya kamata ya kira su.

Maganar White tana da gefen gaskiya. UFC na da likitocin da suka san wannan sana'a, kuma likitan gaggawa da bai taɓa ganin ɗan wasa a daren awo ba, in aka kawo masa mutum a bushe haka, ba zai yi tunanin komai ba sai ya ɗaura masa ruwa ya hana shi wasa. Amma a lura da abin da ake cewa za a ceto: wasan. Ni kuwa ina ganin likitan da bai san darajar wasan ba shi ne ya fi kowa ganin mara lafiyar da kyau a daren. Duk sauran waɗanda ke kewaye da Khabib suna da abin da za su rasa in aka tsaya. Koci da manaja kasonsu na cikin kuɗin wasan. Kamfani ya sayar da tikiti, ya tallata wasan a talabijin. Shi kuwa ɗan wasan, an horar da shi tun yana yaro cewa ciwo abu ne da ake daurewa, kuma ƙishirwa ta riga ta dusashe masa tunani. Ba na cewa ɗayansu mugu ne. Mutanen da suka kai shi asibiti mutanensa ne, kuma sun zaɓi ransa a kan kambu. Sai dai sun yi hakan ne bayan jiki ya riga ya yi ƙara, tsarin bai tanadi wanda zai tsayar da abin kafin a kai nan ba.

UFC ta nemi cike gurbin da Michael Johnson, amma ba a daidaita da Ferguson kan kuɗi ba. Aka yi taron ba su. Tyron Woodley ya kare kambunsa na 170 a hannun Stephen Thompson a wasan da 'yan kallo suka yi ta yi wa ihu saboda rashin armashi.

Sai tiramisu. A cikin bidiyon tallar da UFC ke sakewa kafin manyan wasanni, an nuna Khabib da abokansa a gidan cin abinci, kuma wannan kayan zaƙi ya shigo cikin hoton. Da labarin asibiti ya fito, masu intanet suka haɗa biyu da biyu: ya ci kek, ya kasa awo. Khabib ya musanta cewa ya ci, amma ina, magana ta riga ta fita. Ferguson ya mayar da ita abin zolaya na shekaru. Ko da ma a ce ya ci, yanki ɗaya na kek kwanaki kafin awo ba ya kai ƙaton ɗan kokawa asibiti. Labarin ya samu karɓuwa ne saboda yana da sauƙi, yana mayar da laifin kan kwaɗayin mutum ɗaya, ya bar sauran 'yan wasan da suka kwana cikin baho a otal ɗin nan a matsayin masu ɗa'a da sanin aiki. Bambancinsu da shi kawai shi ne jikinsu bai ba da kai ba a wannan karon.

Akwai waɗanda nasu ya ba da kai gaba ɗaya. A ƙarshen 1997, cikin makonni kaɗan, ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa suka mutu a Amurka suna rage nauyi, abin da ya tilasta wa hukumar wasannin jami'o'i hana sauna da rigar roba tare da kawo gwajin fitsari. A Satumbar 2013 Leandro Souza, ɗan shekara 26, ya faɗi a sauna a Rio de Janeiro ta Birazil ranar awon wasan da ya karɓa a ƙurarren lokaci, bai tashi ba. A ranar 11 ga Disamba 2015 Yang Jian Bing, ɗan ƙasar Sin mai shekara 21, ya rasu a asibiti a Filifin, inda ya je wasan ONE Championship, wani kamfanin MMA na Asiya. Wata goma sha biyar ke nan kafin daren Khabib.

Abin da ya biyo baya

Wata biyu bayan UFC 209, a Mayun 2017, hukumar wasanni ta Kalifoniya ƙarƙashin Andy Foster ta amince da wani shiri mai matakai goma da ta daɗe tana aiki a kai. Mafi amfani a ciki shi ne sake auna 'yan wasa ranar wasa. Wanda ya mayar da fiye da kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa ana iya ba shi shawarar ya koma aji na sama, kuma a 2019 aka ƙara cewa in ya haura kashi 15 ana iya soke wasan. Yi lissafin da kanka: kashi 10 a kan 155 ya kai 170.5. Wato ɗan ajin 155 yana iya shiga keji da nauyin da ya zarce iyakar aji na gaba, kuma a ce bai wuce gona da iri ba tukuna. Awon ranar wasa bai kashe al'adar ba, amma ya fito da lambobin fili, kowa ya gani.

A Yulin shekarar, ƙungiyar hukumomin dambe ta Amurka ta amince da ƙarin azuzuwa: 165, 175, 195 da 225. Ajin 165 kamar don irin su Khabib aka yanka shi. UFC ba ta ɗauka ba. Kevin Lee, wanda ya fi kowa kiran a buɗe shi, shi ne ya kara da Ferguson kan wancan kambun riƙon ƙwarya a Oktobar 2017. A hawan farko ya zarce da laba ɗaya, sai da aka ƙara masa awa guda ya je ya ƙara matsewa. Ina da shakka ko ƙarin aji zai magance abin. Zai sauƙaƙa wa waɗanda ke tsakiya, amma manyan 'yan 170 za su hango 165 su ce ai da ɗan ƙoƙari za a kai.

ONE Championship, bayan rasuwar Yang, ta bi wata hanya: ta haramta rage nauyi ta bushewa, ta ɗaga iyakar kowane aji, ta yadda ajin da ake tsayawa a 155 a UFC ya koma 170 a wurinta, kuma sai ɗan wasa ya ci gwajin fitsari da ke nuna yana da isasshen ruwa kafin a karɓi awonsa. A takarda wannan ya fi kowane tsari ma'ana. A aikace an soki kamfanin kan shekarun da ya yi yana gwajin a ɓoye, kuma 'yan wasa sun koyi dabarar shan ruwa a daidai lokacin da zai tsarma fitsari ba tare da jiki ya farfaɗo ba.

Shi Khabib bai sake shiga keji ba sai 30 ga Disamba 2017. Ya yi jinya, azumi ya shigo, shi kuma ba ya wasa a Ramadan. Ya dawo da ƙwararren masanin abinci a tawagarsa, ya cika awo lafiya, ya yi wa Edson Barboza dukan turmi uku. Wato dai ya gyara yadda yake yin abin, bai daina yin sa ba.

Inda nazarin nan ya fi ba ni sha'awa shi ne Afrilun 2018, UFC 223 a Brooklyn. An sake haɗa shi da Ferguson karo na huɗu, kan cikakken kambu. Saura kwana shida aka sanar cewa Ferguson ya yi tuntuɓe da waya a ɗakin talabijin ya tsinka jijiyar gwiwa. Max Holloway, zakaran ajin 145, ya ce shi zai shiga. Ka ji fa: zakaran aji na ƙasa ne zai hau sama, an ƙara masa laba goma a kan inda ya saba tsayawa. Duk da haka kwana shida ba su ishe shi sauka zuwa 155 ba, abin da ke nuna maka nisan da ke tsakanin sunan aji da ainihin jikin mutanen cikinsa. Da safiyar awo yana cikin matsewa, likitocin hukumar wasanni ta jihar New York suka duba shi suka ce ya isa haka. Holloway bai so ba, ya fito ya ba Khabib haƙuri, yana nuna shi a shirye yake ya ci gaba. Amma wanda ya yanke hukuncin ba kocinsa ba ne, ba manajansa ba, ba kamfanin da ya sayar da tikiti ba. Ba a jira ciwo ya kai shi ƙasa ba. Abin da aka rasa a Las Vegas ke nan wata goma sha uku kafin nan.

Ranar dai ba ta ƙare ba sai da sikeli ya sake nuna wautarsa. Wanda aka samu ya maye gurbin shi ne Al Iaquinta, wanda dama ya shirya wa wani wasan da ba na kambu ba, aka auna shi 155.2. Wannan ɗigo biyu, abin da bai kai giram ɗari ba, nauyin gajeren wandon da ke jikinsa, ya sa hukumar ta ce ko ya ci ba za ta ɗauke shi zakara ba. Washegari dukansu biyu suka shiga keji da nauyin da ba wanda ya tambaya. Khabib ya ci da maki, ya zama zakara.

Karo na biyar da aka sa shi da Ferguson, Afrilun 2020, annobar korona ce ta raba, kuma ba su taɓa haɗuwa ba. A watan Yuli mahaifinsa ya rasu. A ranar 23 ga Oktoba 2020 a Abu Dhabi ya fito awo na ƙarshe a rayuwarsa, fuska a zabge. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: sai da ya tuɓe komai aka kare shi da tawul. Jami'in ya ce 155. Khabib ya sa hannu biyu ya rufe fuskarsa, ya ɗan tsaya a haka kafin ya sauko. Masu kallo suka yi ta gardama a intanet cewa an yi saurin kawar da ma'aunin tun sandar sikelin ba ta daidaita ba. Washegari ya shaƙe Justin Gaethje a turmi na biyu, ya cire safar hannunsa ya ajiye a tsakiyar keji, ya ce ya yi wa mahaifiyarsa alkawari wannan ne na ƙarshe. Wasa 29, nasara 29, yana da shekara 32.